Sarki Goma, Zamani Goma

Kafin a shiga wannan darasi ya kamata jama'a su karanta Littafin Daniyel sura 1, da 5, da 6, su kuma duba Irmiya sura 28 da 29. Karatun da yawa, amma wanda ya tsallake shi ba zai gane inda maganar ta dosa ba.

Ga tambayar da ke gabanmu. Mutum yana cikin aikinsa, ya saba da shi, da shi ya ke ciyad da iyalinsa, saboda shi kuma a ke girmama shi a gari. Ran nan sai al'amari ya juya. Ko a kawo sabon shugaba wanda bai san shi ba, ko a sake tsarin aikin duka, ko a ce hannunsa ya tsufa ga sabuwar na'ura, ko kuwa a rufe ƙofa a ce kowa ya kama gabansa. A irin wannan rana, mene ne ya wajaba mai bi ya riƙe ko da zai rasa ransa, mene ne kuma ya kamata ya saki ba tare da jayayya ba? Hausawa su kan ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Gaskiya ne. Amma akwai kiɗan da mai tsoron Allah ba ya taka rawarsa, wuyar kuwa ita ce a rarrabe tsakaninsu.

Mutanenmu ba a bakin wani suka ji labarin juyin aiki ba. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a kan tsaunukan Jos. Garuruwa suka yi girma dominta, irin su Bukuru da Barikin Ladi, har aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya don ɗaukarta, ya yi aiki har 1957. A cikin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ci ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka riƙa ɗibar mutane da tilas daga larduna ana kawo su ramuka har 1944, da yawa kuwa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. Wanda ya ga yadda a ke neman kuza a wannan zamani, da ya ce aikinta ba shi da ƙarshe. Amma kuzar da ke kusa da bisa ta yi ta ƙarewa, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, a watan Oktoba na 1985 kuma kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a Landan. Abin da ya rage na manyan kamfanoni ya watse. Haka ya faru ga masaƙar Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 aka rufe a 2002. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, waɗansunsu a rediyo suka fara jin an sallame su. Da wayar hannu ta shigo a 2001, masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya suka ga ciniki yana janyewa, kamar yadda masu buga tafireta suka gani da zuwan kwamfuta.

Na san wani dattijo, ya rigaya ya huta yanzu, wanda ya yi shekaru yana akawu a wani kamfanin kuza. Shi ke rubuta sunayen leburori, shi ke lissafin abin da kowane helma ya kawo, ranar biya kuma a gaban teburinsa a ke jeruwa. Mai gaskiya ne, ba a taɓa kama shi da cin kobon wani ba, yana kuma cikin dattawan ekklesiya. Da aka rufe kamfanin sai ya ƙi yarda an rufe. Kowace safiya ya sa farar rigarsa gogaggiya, ya hau kekensa, ya tafi bakin ofis jin labari, ko an sami mai saye, ko masu wurin za su komo. Leburorin da ya ke rubuta sunayensu kuwa suka dubi manyan ramukan da haƙa ta bari, ga su cike da ruwa, suka kama noman rani a bakinsu, tumatir da kabeji da karas. Suka ce masa, "Baba, ga fili, zo mu yanka maka." Ya ce shi ba a koya masa fartanya ba. Ba ƙyuya ce ta hana shi ba, na tabbata. Ya daɗe a kan kujerar nan har ya kasa rarrabe kansa da ita. Da kujera ta tafi, sai ya ji kamar shi ma an ɗauke shi. Za mu komo kansa.

Akwai wani irin mutum kuma, wanda juyin zamani ba ya ba shi wuya ko kaɗan, gama shi hawainiya ne. Kowane shugaba ya zo, shi ne na farko wurin gaisuwa. In an ce a ƙara sifiri a takarda ya ƙara, in an ce a ba da shaida a kan abokin aiki ya bayar. Mutane su kan ce da shi mai wayo, wanda ya san zaman duniya. Kada mu kira wannan jimiri. Jimiri sai wanda ya ke ɗauke da wani abu, ya kuwa kai shi gida. Hawainiya ba ta ɗauke da kome.

Mu duba Daniyel fa. Wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu aka kai shi Babila yana saurayi, cikin 'ya'yan manyan Yahuda. Littafinsa ya nuna yana nan da rai har shekara ta uku ta sarautar Sairus, watau wajen 536. Kusan shekara 70 ke nan a baƙuwar ƙasa, yawancinsu cikin aikin fada. Ya ga Nebukadnezzar, ya ga Belshazzar, ya ga faɗuwar Babila kanta a 539, ya ga Dariyus da Sairus. In akwai mutumin da karin maganar nan ta sarki goma zamani goma ta dace da shi, to, shi ne.

Abin mamaki a sura ta farko shi ne yawan abin da ya yarda da shi. Aka sa shi makarantar Kaldiyawa shekara 3, ya koyi harshensu da littattafansu, bai ce ilimin arna ne ba, har ya fi 'yan ƙasa iyawa. Aka ba shi aiki wurin sarkin da ya kwashe kayan Haikalin Allah, ya karɓa. Aka sake masa suna, aka ce da shi Belteshazzar, sunan kuwa yana haɗe da sunan gunkin Babila, kamar yadda Nebukadnezzar da kansa ya faɗa a sura 4. Wannan ma ba mu ji ya yi gardama a kansa ba. Da mu ne, ina tsammani a kan sunan nan za mu kafa ƙafa. Shi kuwa ya bar su su kira shi abin da suka ga dama, gama sunan a bakinsu ya ke. Abinci kuwa a bakinsa zai shiga. A nan ya ja layi. Ya ƙudura a zuciyarsa ba zai ƙazantad da kansa da abincin sarki da ruwan inabinsa ba. Abin da waɗansu suka yi masa ya bar wa Allah, abin da shi zai aikata da hannunsa da bakinsa kuwa ya tsare.

A lura kuma da yadda ya ƙi. Bai kifad da akushi ba, bai zagi kowa ba. Ya roƙi Ashfenaz, shugaban bayin fada. Mutumin ya ce yana tsoro, in sarki ya ga samarin sun rame, kansa ne zai tafi. Daniyel bai rena wannan tsoro ba. Ya tafi wurin wakilin da aka sa ya lura da su, ya kawo shawara mai sauƙi, a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa, sa'an nan a duba fuskokinsu. Ya nemi hanyar da zai tsare lamirinsa ba tare da ya jefa na bisa da shi cikin hatsari ba. Wannan hikima ta yi ƙaranci a cikinmu. Sau da yawa mai bi ya kan yi tsammani tsayawa ga gaskiya ita ce a ɗaga murya, ya manta shugaban nan da ya ke fushi da shi ma yana da wanda ya ke tsoro a bisansa.

Ni dai abin da na gani a wuraren aiki shi ne mun juya al'amarin Daniyel. Mu kan yi yaƙi a kan abin da ya saki, mu saki abin da ya riƙe. A canja wa mutum ofis, ko a sa yaro ya zama shugabansa, ko a ce ya koyi aiki da kwamfuta yana da furfura, sai ya yi wata 6 yana gunaguni, har ya kawo maganar wurin addu'a kamar tsanani ne saboda bangaskiya. Amma a kawo masa takarda a ce ya sa hannu kayan da ba su iso ba sun iso, sai ya sa a hankali, ya ce zamani ne ya kawo haka. Koyon sabon aiki ba zunubi ba ne. Bin umurnin wanda ka girma da shekaru ba zunubi ba ne. Zafin da mu ke ji a nan na girman kai ne, gwamma mu kira shi da sunansa.

Yanzu mu zo wurin da masu wa'azi ba su cika tsayawa ba. A ƙarshen sura 2 Nebukadnezzar ya ɗaukaka Daniyel, ya sa shi bisa dukan lardin Babila, ya kuma mai da shi shugaban masu hikima. Nebukadnezzar ya mutu a 562. A sura 5, daren da birnin ya faɗi a 539, Belshazzar ya yi wa manyan mutanensa 1,000 biki, hannu ya yi rubutu a bango, aka kira dukan masu hikima suka kasa karantawa. Daniyel ba ya cikin waɗanda aka kira. Sai da sarauniya ta shigo ta tuna wa sarki akwai wani mutum daga zamanin dā. Da aka kawo shi ma, sarki ya tambaye shi ko shi ne Daniyel ɗin nan na cikin kamammun Yahuda. Ku dubi wannan. Mutumin da ya taɓa riƙon lardi duka, ga shi an koma kiransa kamamme. Tsakanin 562 da 539 shekara 23 ne. Ba a faɗa mana ranar da aka ture shi gefe ba, amma lalle an ture shi.

Me ya ke yi a shekarun nan? Aya ta ƙarshe ta sura 8 ta ba mu amsa, tana kuwa cikin ayoyin da na fi ƙauna a littafin. A shekara ta uku ta Belshazzar Daniyel ya ga wahayi mai ban tsoro, ƙarfinsa ya ƙare, ya kwanta ciwo kwanaki. Bayan haka ya tashi ya koma ga aikin sarki, ko da ya ke bai gane wahayin ba. Ashe yana nan yana aiki. Yana yi wa sarkin da bai san fuskarsa ba hidima, a wani matsayi da ba wanda ya damu ya rubuta sunansa.

Abu biyu ke nan a wuri ɗaya. Na fari, ya kwanta. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba, bai kuwa zarge shi ba. Akwai masu koyarwa cewa mai bangaskiya ba ya karaya, in an sallame shi ran Jumma'a sai ya zo sujada ran Lahadi yana murmushi. Wannan koyarwa ta sa 'yan'uwa da yawa sun ɓoye ciwonsu har ya ci su. Wanda aka raba da aikin shekara 20 ya yi rashi na gaske, rashin barci da rashin cin abinci da ke biyo baya ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ne. A bar shi ya yi makokinsa. Na biyu, ya tashi, tun bai sami amsar tambayarsa ba. Da yawanmu mu kan ce sai mun gane dalilin da ya sa Allah ya bar wannan ya same mu kafin mu ɗaga ƙafa. Daniyel ya ɗauki rashin ganewarsa ya tafi da shi wurin aiki.

Shekarun mantuwa ba su ɓata shi ba. Da Belshazzar ya yi masa alkawarin rigar shunayya da sarƙar zinariya da matsayi na uku a mulki, ya ce sarki ya riƙe kyautarsa, shi zai karanta rubutun haka nan. Wanda ya yi shekaru yana ƙishin kujerarsa ta dā ba zai iya faɗin haka ba. Da ya yi ta lallashi, ya sassauta fassarar domin kada ya rasa wannan dama. Daniyel ya faɗi magana mai ɗaci duka, a daren kuwa aka kashe sarkin, mulki ya koma hannun Mediya da Farisa.

Sabon mulki ya zo da sabon tsari, hakimai 120 da shugabanni 3 a bisansu, Daniyel kuwa ɗaya daga cikin ukun, yana da shekara 80 ko fiye. Abokan aikinsa suka yi kishi, suka bincike aikinsa suna neman laifi, ba su sami cin amana ko sakaci ba. Sai mu tsaya a nan kaɗan. Wannan shaida daga bakin maƙiya ta fito, ta kuma haɗa har da shekarun da ba wanda ya ke dubansa. In da ya yi sakaci a kwanakin da aka manta da shi, da yanzu an tono. Saboda haka suka koma ga addininsa, suka sa Dariyus ya kafa doka, kwana 30 kada kowa ya roƙi kowane allah ko mutum sai sarki. Da Daniyel ya ji an sa hannu, ya shiga gidansa, inda tagogin benensa ke buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa ya yi addu'a sau 3 a rana. Marubucin ya ƙara da cewa haka ya saba yi tun dā.

Wannan ƙarin shi ne ginshiƙin labarin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daniyel bai ƙirƙiro addu'ar taga domin ya tsokani sarki ba, bai kuma fara neman Allah don ya ga ramin zakoki a gabansa ba. Doka ce ta zo ta tarad da shi a inda ya ke kullum. Sarakuna sun sake, harshen fada ya sake, matsayinsa ya hau ya sauka ya kuma hau, amma sau 3 kowace rana yana komawa gaban Sarki guda wanda ba a yi masa juyin mulki. Daga nan ya ke sanin ko shi wane ne. Shi ya sa ya iya sakin suna da kujera ba tare da ya ji an ɗauke shi ba. Ya ɗan'uwa mai karatu, in aikinka ne kaɗai ke faɗa maka ko kai wane ne, to, wanda ya ke da ikon sallamarka yana da iko a kan ranka fiye da yadda ya kamata ɗan adam ya samu.

Akwai wani abu mai karya jimiri wanda ya kan zo da rigar bangaskiya, watau begen ƙarya. A shekara ta huɗu ta sarki Zadakiya, bayan an kwashe mutanen Yahuda da yawa zuwa Babila a 597, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce kafin shekara 2 Allah zai komo da kayan Haikali da kamammun duka. Har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban jama'a. Wa zai ƙi jin wannan? Irmiya kansa ya ce da ma haka ta tabbata. Amma ba Allah ne ya aiko Hananiya ba, bai kuwa ga ƙarshen wannan shekara ba. Saƙon da Irmiya ya aika wa kamammun a wasiƙa ya fi wuyar haɗiya. Ya ce zaman zai kai shekara 70, saboda haka su yi gini, su yi shuka, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su kuma yi masa addu'a. Wanda ya gaskata Hananiya ba zai kwance kayansa ba. Zai zauna a kan ƙunshinsa yana duban hanya, damina ta wuce shi, wata kuma ta wuce. Wannan ne ya sami dattijon nan akawu. Kowane wata akwai mai kawo masa labari cewa an kusa buɗewa, waɗansu ma a cikin addu'a suka faɗa masa. Da nufin alheri suka yi, amma sun cuce shi. Daniyel kuwa, sura 9 ta nuna mana, littafin Irmiya ya ke karantawa. Begensa na komawa Urushalima bai mutu ba, ga taga shaida, amma bege ne wanda ya ke barin mutum ya kama aikin yau.

Wani zai ce, "Malam, wannan koyarwa ai daɗi za ta yi wa azzalumai. A hana mutum albashinsa, a riƙe masa fansho har ya mutu a layi, sa'an nan ku ce ya yi jimiri?" Tambayar tana da nauyi, kada a yi saurin kawad da ita. An sha yin amfani da kalmar haƙuri a rufe bakin talaka, har a cikin ekklesiya. Amma Littafi Mai Tsarki ba ya tare da masu yin haka. Kubawar Shari'a sura 24 ta umurta a biya ɗan ƙodago hakkinsa a ranar, tun rana ba ta faɗi ba. Yaƙub sura 5 ta yi wa masu riƙe ladan ma'aikata kashedi mai zafi ƙwarai. A Filibi, da aka yi wa Bulus da Sila dūka ba shari'a, mahukunta suka aiko da safe a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi fita sai sun zo da kansu, gama su 'yan ƙasar Roma ne. Mai bi yana da iko ya nemi hakkinsa, ya rubuta takarda, ya shiga ƙungiyar ma'aikata, ya kai ƙara inda ya kamata. Abin da ba shi da iko ya yi shi ne ya biya kansa da sata don an hana shi, ko ya bar neman hakkin ya cinye sauran kwanakinsa har ya rasa wata magana sai ita. Ya bi hakkinsa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da fartanya.

Kada kuma mu yi wa kowa alkawarin da Allah bai yi ba. An fitad da Daniyel daga rami, amma ba kowane mai gaskiya a ke mayarwa a kujerarsa ba. Abokansa uku a sura 3 sun san haka. Sun shaida wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderu, suka kuma ƙara cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Akwai 'yan'uwa a cikinmu da suka ƙi sa hannu a takardar ƙarya, aka tura su ƙauye mai nisa, can suka yi ritaya, ba wanda ya zo ya ba su haƙuri. In mun koyar cewa gaskiya kullum tana kawo ƙarin girma, me za mu ce da su?

Maganar abokai uku ta kawo mu ga abu na ƙarshe. A sura 2, sa'ad da aka yi shelar kashe dukan masu hikima, Daniyel ya roƙi a ba shi lokaci, ya tafi gida ya faɗa wa abokansa, suka roƙi jinƙan Allah tare. Bai ɗauki kayan shi kaɗai ba. Mu kan yi maganar jimiri kamar ƙarfin zuciya ne na mutum guda, amma da wuya a ga wanda ya tsaya shi kaɗai ya daɗe. A nan ekklesiya tana da abin amsawa. Muddin mutum yana da aiki, shi a ke kira shugaban buki, shi a ke ba kujerar gaba ranar godiya. Ranar da aikin ya tafi sai a daina aika masa takardar gayyata. Ba wanda ya kore shi, amma ya gane. Sai kowane rukuni da ke karanta wannan darasi su tambayi kansu, wane ne a cikinmu ya daina zuwa tun da aka rage ma'aikata a wurinsu, wa kuma ya je gidansa?

Dattijon nan akawu ya daina zuwa sujada a shekara ta biyu bayan rufe kamfanin. Ya sayad da keken. Ya ce ƙafa ke damunsa, amma matarsa ta faɗa wa matan zumunta gaskiya, kunya ce, gama ba ya iya ba da baiko kamar dā. Fasto ya je sau biyu ya yi masa addu'a, bai fito ba. Wanda ya fitad da shi wani tsohon lebura ne cikin masu noman rani, wanda ko karatu bai iya ba. Dillalai suna cutarsu wurin lissafi, kwandon da suka ƙirga 40 sai ya koma 35 ranar biya. Ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, ba fili na zo ba ka ba. Mu ne mu ke neman taimako. Ana cinye mu don ba mu da mai rubutu." Dattijon ya yi shiru, ya ce zai duba. Bayan kwana 3 aka gan shi a bakin rami, a gindin mangwaro, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta da fensir, yana ƙirga kwandunan tumatir. Ladansa kwando ɗaya ne ranar kasuwa. Kuɗinsa na sallama bai taɓa fitowa ba, babban ɗansa kuma da ya bar makaranta a shekarun nan biyu bai koma ba. Ya riƙe littafin nan har idonsa ya daina ganin layi, sa'an nan ya koya wa 'yar leburan yadda a ke jan jimla.